Ejan ya ce zai haɗa mana katin rigakafi ba tare da allura ba

Tambaya daga wani ɗan kasuwar hatsi a Tudun Hatsi, Gombe: "Likita, ni da mahaifiyata za mu tafi Umarar azumi, saura mako biyar mu tashi. Shekarunta 67, tana da ciwon suga da hawan jini, tana yin allurar insulin da dare. Ejan ɗinmu ya ce kada mu wahalar da Dada da allurai, in mun ɗora masa wani abu zai kawo mana kati da hatiminsa, wai kowa haka yake yi. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Mene ne ya zama dole, kuma me zan shirya mata?"

Alhaji, Allah ya yi maka albarka da wannan hidima, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Zuciyarka da ba ta kwanta ba ta fi ejan ɗin gaskiya. Kada ka karɓi katin nan. Kuma ranar Litinin mai zuwa ka kai Dada asibiti, don mako biyar ɗin da kake gani da yawa, a lissafinmu saura kwana bakwai ne kacal. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga inda kwana bakwan ya fito. Allura uku Saudiyya ta saba nema daga wanda ya taso daga Najeriya: ta shawara, ta sanƙarau, da ta shan inna. Biyun farko sai sun kwana goma a jiki kafin a lissafa su. Ta shan inna kuwa ƙa'idarta a yi ta aƙalla mako huɗu kafin tafiya, kuma kada ta wuce shekara guda. Cire huɗu daga biyar ka gani. Na san za ka yi dariya, tsohuwa mai jikoki da rigakafin shan inna. Gaskiya ne tun 25 ga Agustan 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, kuma rabon da a gan ta a ƙasar nan tun 2016 a Borno. Amma akwai wani nau'in da har yanzu yake ɓulla a arewa inda yara ba su samu cikakken rigakafi ba, kuma babba yana iya ɗaukarsa a hanjinsa ya kai wata ƙasa ba tare da ya ji ko ciwon kai ba. Ba Dada ake tsoron ta shanye ba, jaririn wata baiwar Allah daga wata nahiya ake karewa. Dukkan ukun ana iya yinsu rana ɗaya, a hannu daban-daban.

Bari mu ɗauki ta shawara, don ita ce mai katin nan mai ruwan ɗorawa da kowa ke kira yalo kad, kuma a kanta aka fi yin cuwa-cuwa. Mutanenmu suna ɗaukarta cutar mutanen kurmi. To a watan Agustan 2019 daga nan maƙwabtanmu ta tashi, gandun dajin Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri, ta kama ɗaliban da suka zo yawon buɗe ido daga Borno, ta kashe mutane a ƙauyukan da ke kewaye. Kai da kake bin hanyar Bauchi ka san Alkaleri ba nisa. Sauro ne ke kawo ta, mai cizon rana ba na dare ba, kuma ba ta da magani, sai dai a yi ta tallafar jiki. Da yawa sukan warke bayan zazzaɓin kwana uku ko huɗu. Waɗanda ta koma musu zagaye na biyu, ido ya yi ɗorawa, a fara aman jini, kusan rabinsu ba sa tashi. Allurar kuwa sau ɗaya ce a rayuwa. Da can ana sabunta katin duk shekara goma, amma tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta soke wannan. Ka auna: tsira ɗaya na allura, ka huta har ƙarshen rayuwarka, da takardar da za ka biya kuɗi ka saya, ka kuma riƙa fargaba a gaban kowane jami'i.

Fargabar ma ba ta banza ba ce. A watan Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta juyo da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgin Johannesburg a kan zargin katunansu na bogi ne, har sai da ƙasashen biyu suka yi ta mayar wa juna martani. Irin wannan abin kunya na cikin abin da ya sa daga baya ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fito da sabon kati mai lamba, wanda ake yi wa rajista ta intanet da lambar fasfo, a biya kuɗin ta Remita, hanyar biyan kuɗi ga gwamnati, sannan a je ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, irin waɗanda ke filin jirgin Malam Aminu Kano da na Abuja, a yi allurar a buga hatimi. A jikin katin gaskiya akwai ranar da aka yi, da sunan kamfanin da ya haɗa allurar, da lambar kwalbar. In aka duba a na'ura ba a ga sunanka ba, ejan yana Gombe yana shan kunun buɗa baki, kai da tsohuwa kuna zaune a benci a Jidda. Wasu ƙasashen, Indiya da Masar misali, suna iya killace wanda ba shi da sahihin kati har kwana shida. Kai ɗan kasuwa ne, wata rana tafiyar za ta kama ka zuwa can.

Sai dai a kan Dada akwai magana, kuma a nan ne kawai zancen ejan ya ɗan shafi gefen gaskiya ba tare da ya sani ba. Allurar shawara rayayyar ƙwaya ce da aka raunana. Ga wanda ya haura shekara 60 kuma bai taɓa yinta ba, haɗarin ta yi masa mummunan tasiri yana ɗan ƙaruwa. Abu ne da ba kasafai ake gani ba, amma akwai shi, shi ya sa ba ma yi wa tsoho sai mun zauna mun yi tambayoyi. Mai yiwuwa ne ba ta taɓa yi ba, don allurar ba ta shiga jerin rigakafin jarirai ba sai 2004, gangamin da ake bi unguwa-unguwa kuma yakan tsaya a 'yan shekara 44. Ciwon suga da hawan jini ba sa hana ta. Abin da ke hanawa shi ne jikin da garkuwarsa ta faɗi: mai shan maganin daji, mai cutar ƙanjamau da ta yi nisa, wanda aka taɓa yi wa aikin wani ƙullutu a bayan ƙashin ƙirji, wanda cin ƙwai ke kumbura masa fuska ya toshe masa numfashi. Da kuma wani abu da nake so ka bincika da kanka yau ɗin nan. Tsofaffinmu da yawa suna shan "haɗin ciwon gwiwa" da ake ƙulla musu a leda a kemis, ƙwayoyi huɗu ko biyar marasa suna, kuma sau tari akwai prednisolone ko dexamethasone a ciki. Waɗannan suna danne garkuwar jiki in an daɗe ana sha, suna kuma harba suga sama. Ba za ta gaya wa likita ba, don ita a wurinta wannan ba magani ba ne, haɗi ne. Ka duba ƙarƙashin matashinta da cikin kwanon da take ajiye carbi. Duk abin da ka samu, har da na gargajiya, ka zuba a jaka ka tafi da shi asibiti.

In likita ya duba ya ga babu ko ɗaya, ni ra'ayina a yi mata. Mace ce da ke zaune a jihar da ke maƙwabtaka da Yankari, ko ba tafiya tana da buƙatarta. In kuwa ya ga akwai dalilin hanawa, akwai takardar uzuri ta hukuma da ake rubutawa da hatimi. Wannan ita ce hanyar halal ta tafiya ba allura, ba ta ejan ba.

Sanƙarau kuwa ba sai na yi wa Bagombe dogon bayani ba. Muna cikin zirin da ya taso daga Senegal har Habasha, inda cutar ke tashi duk lokacin da iskar hunturu ta busar da maƙogwaro, ta yi ta ci har saukar ruwan farko. A 1996 ta kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, kuma a shekarar Saudiyya ta hana maniyyatanmu shiga, mutane sun biya kuɗin kujera suka yi Sallah a gida. Su ma can sun ɗanɗana: ta ɓarke a aikin Hajjin 1987, ta sake ɓarkewa da wani nau'i a 2000 da 2001, alhazai suka kwashe ta zuwa ƙasashensu. Daga nan suka wajabta allura mai rufe nau'i huɗu, A da C da W da Y. Ka lura da wannan sosai, don a nan mutane ke ruɗewa. Wadda aka yi ta yi wa matasa a arewa tun daga 2011 nau'in A kaɗai take rufewa, ba ta isar wa matafiyi. Cutar da ta addabi Zamfara da Sakkwato a 2017 nau'in C ce, haka wadda ta taɓa Gombe da Bauchi da Yobe da Jigawa daga ƙarshen 2023 zuwa 2024, har Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai nau'i biyar. Don haka "ai an taɓa yi min ta sanƙarau" ba amsa ba ce. Wacce? Yaushe? Mai nau'i huɗun ma iri biyu ce, tsohuwar tana aiki shekara uku a ƙa'idar Saudiyya, sabuwar shekara biyar. In da zaɓi ka nemi sabuwar, don ita ce ke rage zaman ƙwayar a maƙogwaro. Mutum yana iya dawowa garau, ya rungumi jikansa, ya ba shi abin da shi bai kwantar da shi ba.

Ejan zai ce maka bara ba wanda ya tambayi mutanensa komai. Yana iya yiwuwa, binciken Umara yana tsananta wata shekarar ya yi sako-sako wata. Amma ka tuna yadda Harami yake a goman ƙarshe, kafaɗa da kafaɗa, numfashin wani a fuskarka, daga Indunusiya har Moroko. Ƙwayar cuta ba ta duba hatimi.

Akwai waɗanda ba dole ba ne amma ina ba da shawararsu ga mai shekarunta da ciwonta: ta mura mai tsanani ta shekara-shekara, da ta ciwon huhu. Sukan yi wuyar samu a asibitin gwamnati, sai manyan kantunan magani na Kano ko Abuja, kuma ka tabbata daga firij aka ciro. In ba a samu ba, takunkumin fuska a cikin cunkoso yana rage abu mai yawa. Kai kuma, Alhaji, ga taka: aski. Bayan sa'ayi za ka ga masu aski a gefen hanya da reza ɗaya suna bin kawuna. Ciwon hanta nau'in B ta jini yake bi, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan takwas cikin ɗari na manyanmu suna ɗauke da shi. Ka shiga shago mai lasisi, a ɓare sabuwar reza a gabanka. Allurar rigakafin ciwon hantar uku ce cikin wata shida, ba za ka gama kafin tafiya ba, amma ka yi gwaji ka fara.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ba ya cikin kowane kati. A shekarun da na yi ina duba matafiya kafin su tashi da bayan sun dawo, waɗanda na ga tafiya ta kayar ba shawara ko sanƙarau ce ta kayar da su ba. Ciwon da suka tafi da shi daga gida ne. Suga, hawan jini, zuciya, sai zafi da gajiya su ƙarasa. A Hajjin 2024, da zafin Makka ya haura digiri 51, sama da mutum 1,300 suka rasu. Ku ba a tsakiyar bazara za ku je ba, amma ranar Makka ko a sanyinta ba ta wasa ba ce.

Maganar azumi ta fi kowacce nauyi. Hukunci na malamai ne, ba nawa ba, amma kowa ya san Allah ya yi rangwame ga mara lafiya da matafiyi, Dada kuwa ta haɗa biyun. Na kuma san tsofaffinmu: ka ce mata ta sha azumi a Makka, sai ta dube ka kamar ka zage ta. To in ta dage, kada ta yi da adadin insulin ɗin da take yi a gida. Likitanta ne zai sake tsara mata, yawanci a rage, a kuma matsar da lokacin, kuma in tana shan ƙwayar maganin suga mai suna glibenclamide a duba canza shi, don ya shahara da kayar da suga ƙasa ga mai azumi. Ta gwada azumin kwana biyu ko uku a gida kafin ku tashi, kana auna ta, ku ga yadda jikin zai karɓa. Ka sayi na'urar awo da isassun tsinkayenta, ka koyi aiki da ita da hannunka. Ku yi alkawari tun a nan, a gaban likita, in ya samu a gaban malamin da take jin maganarsa: in awo ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko ta fara rawar jiki da gumi da sambatu, za ta karya ko saura minti goma a kira Magariba. In na'urarku mai ƙananan lambobi ce, 3.9 ke nan da 16.6. Ka riƙa yawo da dabino ko alewa a aljihu saboda wannan. Da buɗa baki kuma akasin haka ne, ana shimfiɗa ledar abinci a Harami, kowa na miƙo mata dabino da lemon kwali don neman lada, ita kuma kunya ba za ta bar ta ta ƙi ba. Dabino biyu ko uku sun isa, sauran a jaka. Cikin magungunan hawan jininta in akwai mai sa fitsari, ka ambata wa likita, don shi da azumi da zafi suna busar da mutum.

Sai ƙafa. Wannan ina jin ciwonsa har yanzu. Wata baiwar Allah mai suga ta fito daga sallar Azahar ba ta ga takalminta ba, ta ce otal ai ga shi can, ta taka a ƙasa. Farin dutsen da ke wurin ɗawafi ba ya ɗaukar zafi, sai mutum ya ɗauka ko'ina haka yake, alhali kwalta da daɓen waje kamar tanda suke. Suga ya riga ya kashe mata jijiyoyin tafin ƙafa, ba ta ji komai ba, sai da dare 'yarta ta ga fata ta saɓule. Wata uku muna wankin ƙafar nan bayan ta dawo, da ƙyar aka tsira da yatsu huɗu. Ka saya wa Dada takalmi mai laushi mai rufi tun yanzu ta fara sawa ya saba da ƙafarta, kada ta je da sabo fil. Mace ce, haraminta bai hana ta safa ba. Ka ɗinka mata 'yar jakar rataya ta takalmi, ta shiga da shi masallaci, ka kuma riƙe silifa na ko-ta-kwana. Kowane dare ka haska tocilan waya ka duba tafin da tsakanin yatsu. Ɗa ya duba ƙafar uwarsa a Makka, ban ga abin da ya fi wannan dacewa da wurin ba.

Safa da Marwa kaɗai, zuwa da dawowa bakwai, sun haura kilomita uku, ban da ɗawafi da tafiyar otal. Ta fara tattaki bayan La'asar daga gobe, minti goma sha biyar, ana ƙarawa. In gwiwa ba ta ɗauka, keken turawa ba abin kunya ba ne, akwai na haya a can, kuma tun wurin yankan tikiti ka ce a rubuta tana buƙatar keke a filin jirgi. Umarar kanta ku yi ta da dare.

Magunguna: na kwanakin tafiya, da ƙarin na mako biyu, a cikin kwalayensu na asali, da takardar likita da Turanci mai ɗauke da sunan ciwo da asalin sunan kowane magani. Duk a jakar hannu. Akwati yana iya sauka a wata ƙasa, kuma sanyin cikin jirgi inda ake zuba kaya yana iya daskarar da insulin, wanda ya daskare kuwa ya mutu ko da ya narke. Wanda ba a buɗe ba a firij ɗin otal, nesa da wurin ƙanƙara. Wanda ake amfani da shi yana kai kusan mako huɗu a ɗaki mai sanyi, ban da rana, ban da cikin mota. Agogonsu yana gabanmu da awa biyu, wannan ba ya rikita lissafin allura sosai. Tramadol da maganin tari mai kodin kada su kusanci kayanku, goro ma an hana. Kuma duk wanda ya kawo maka ƙulli "a miƙa wa ɗana a Madina", ko limamin unguwarku ne, ka ba shi haƙuri. Mutane sun kwana a kurkukun Saudiyya a kan kayan da ba su san cikinsa ba.

Hanyar ita ma aiki ce. In ta Kano za ku tashi, ga zaman mota daga Gombe, ga jiran filin jirgi, ga kusan awa biyar a sama, ga motar Makka. Tsofaffin mata suna da wata dabara da ba sa faɗa: su ƙi shan ruwa tun daga gida don kada fitsari ya kama su a jirgi, suna tsoron banɗakin. Zama wuri ɗaya da ƙarancin ruwa su ke sa jini ya dunƙule a ƙwauri. Ka nema mata kujerar bakin hanya, ka raka ta ka nuna mata yadda ƙofar ke buɗewa da inda ake dannawa, ta riƙa miƙewa duk awa ɗaya ko biyu. Ƙwauri ɗaya ya kumbura yana zafi, ko numfashi ya sarƙe, asibiti nan take. Bizar Umara tana haɗe da inshorar lafiya ta gaggawa, ka sa ejan ya fitar maka da takardar, wannan aikinsa ne na gaskiya. Lambar motar asibiti a can 997. Ka rubuta sunan otal da lambar wayarka da "mai ciwon suga, tana insulin" da Larabci da Turanci, a rataya mata a wuya, don a ɓangaren mata ba ka tare da ita.

In wani ya ja ku ziyarar garken raƙuma a bayan gari ana tatsar nono ana sha ɗanye, ku wuce. Akwai cutar numfashi da aka fara ganowa a Saudiyya a 2012, daga raƙuma take, kuma masu suga da tsofaffi ta fi yi wa illa.

Da kun dawo, tari da shaƙewar murya kusan kowa na zuwa da su, yawanci su wuce cikin mako guda ko biyu. Wanda ba a jira da shi shi ne zazzaɓi mai zafi, ko numfashi sama-sama, ko ciwon kai da sanƙarewar wuya, musamman a mako biyun farko. A je Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Ƙwararru, kuma kalmar farko da za ka gaya wa likita ita ce daga Saudiyya kuka dawo, kada a tsaya a maganin maleriya kawai. Gida zai cika da 'yan barka da masu jiran Zamzam da bagaruwa. In tana tari, a sa mata takunkumi ta gaisa da mutane daga kan gadonta, jarirai kuma a dakata da miƙa mata su sai ta washe. Insulin ɗin da aka rage saboda azumi, a koma wurin likita bayan Sallah ya mayar da shi yadda yake.